Wace ƙaramar jif zan saya sabuwa da za ta yi min shekara goma da iyali?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, ina da mata da yara uku, babban shekararsa 9, ƙaramar kuma ana goyonta. Na daɗe ina tari, kwanan nan kuma na sayar da wani fili, so nake in sayi mota sabuwa dal wadda ba wanda ya taɓa hawa, irin ƙananan jif ɗin nan, in riƙe ta aƙalla shekara goma ban canza ba. Na duba RAV4 da CR-V da Tucson da Sportage, sai kuma na China da suka cika gari yanzu, sun fi araha kuma sun fi kayan alatu, uwargida ma wata mai rufin gilas ta nuna. Duk wata muna zuwa ƙauye wajen Katsina, da damina hanyar ba ta da kyau. Don Allah wacce za ka ba ni shawara?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri, ya sa a hau lafiya a sauka lafiya. Abin da kake nema dai, in na fahimce ka, mota mai kujera biyar mai ɗan tsayi daga ƙasa, wadda za ta kai yara makaranta ta shiga ƙauye da damina, kuma ta yi shekara goma a hannunka ba ta mayar da kai ɗan gidan gareji ba. Ni sana'ata gyaran mota ce, na fara tun lokacin da Peugeot 504 da 505 suka cika gareji, yanzu kuma da kwamfuta muke duba mota, to abin da zan faɗa maka daga abin da ke shigowa hannunmu ne da kuma abin da su kamfanonin suka amsa a fili. Kuma bari in faɗa maka inda na karkata tun yanzu, don kar ka gaji da karatu ba ka ji amsa ba: in kuɗinka ya kai, RAV4 mai injin da ba turbo. In bai kai ba, Tucson ko Sportage mai inji 2.0 da giya otomatik irin na da. Sauran bayanin dalili ne, kuma ka daure ka karanta, don akwai wuraren da halinka zai iya sa ka saɓa min kuma kai ne mai gaskiya.

Da farko ka san abin da kake saye. Mu nan duk mota mai tsayi jif muke ce mata, amma waɗannan da ka lissafa ba dangin Land Cruiser ko Prado ko Hilux ba ne, waɗancan a kan shasi na ƙarfe aka ɗora jikinsu. RAV4 ta Toyota ta yanzu tushenta ɗaya da Camry, CR-V ta Honda 'yar gidan Civic ce, Tucson ta Hyundai da Sportage ta Kia kuwa kusan mota ɗaya ce aka canza mata riga, tunda Hyundai da Kia gida ɗaya ne, inji da giya duk suna rabawa. Wato ƙaramar mota ce aka ɗaga, tsakanin cikinta da ƙasa kusan santimita 20, abin da zai ishe ka ramuka da tudun rage gudu da hanyar burji da ɗan ruwan da ya kwanta a hanya. Amma ba motar tsallake rafi ba ce, ranar da ruwa ya kai rabin taya ka tsaya ka jira ya janye ko ka juya, don in inji ya zuƙi ruwa ta hanyar iska shi ke nan ya buga, kuma garanti ba ya biyan wannan.

Maganar mai jan taya huɗu kuwa, mutane suna ɗaukar ta da zafi fiye da yadda ta kamata. In ƙauyenku yashi ne mai zurfi ko laka mai santsi, to tana da amfani, ka saya. In kuwa burji ne mai ramuka kawai, mai jan gaba ta ishe ka, ta fi arha, ta fi ƙarancin shan mai, kuma kayan da za su lalace a ƙarƙashinta sun ragu. Mai jan huɗu tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya kuma su ci daidai, ba a sa mata sabuwa ɗaya tsofaffi uku yadda muka saba yi.

Abu na biyu, lissafin mota ya canza tun 2023. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu na shekarar, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, a 2024 kuwa sai da ta haura 1,000. Dala da take wajen 460 a banki ita ma ta haura 1,500 a 2024 ɗin. Kusan duk abin da za ka sa wa mota, daga fulogi har fitila, da dala aka shigo da shi. Saboda haka kuɗin da ka biya ranar saye wani ɓangare ne kawai, sauran za ka biya shi a hankali cikin shekara goman nan, kuma a nan ne motar da ta fi arha a shago take iya zama ta fi tsada.

Inji da giya

Nan zan daɗe, don nan ne maganar take. Allon da ke gaban direba da kyamara da fitilu masu launi a cikin ƙofa, duk za ka saba da su cikin wata guda ka daina ganinsu. Inji da giya su za ku zauna da su.

Yanzu kamfanoni da yawa sun koma ƙaramin inji, 1.5 ko 1.6, su sa masa turbo don ya ba da ƙarfin babba. Turbo iska yake cusa wa inji da ƙarfi, hayaƙin salansa ne ke juya shi da gudun da ya wuce tunani, kuma bakin man inji ne ke sanyaya shi yana masa santsi. Inda ake da fetur mai kyau da bakin mai na gaske kuma ana juye a kan lokaci, yana daɗewa lafiya lau. To mu duba namu halin. Zafin Afrilu a Kano yana haura digiri 40, kana cikin gosulo esi a kunne, fetur kuma yau mai kyau gobe Allah masani, ka dai tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 da ya kwantar da motocin mutane, ga bakin mai na jabu a cikin galan mai kama da na asali sak. Injin da ba turbo yana yafe irin wannan kuskuren sau da yawa kafin ya nuna fushi, mai turbo ba ya da wannan haƙurin. Kuma ranar da turbo ya tafi, kuɗinsa ba wasa ba ne.

Sannan akwai yadda ake fesa man. Yawancin ƙananan injina masu turbo kai tsaye suke fesa fetur cikin silinda da matsi mai ƙarfi, nozul ɗinsu da famfonsu ba sa son datti ko kaɗan, kuma da yake man ba ya bi ta bayan bawul ya wanke shi, baƙin dauɗa yana taruwa a wurin da shekaru. Injin 2.0 na Tucson da Sportage da ake kawowa ƙasashe irin namu tsohon tsari ne, ta hanyar iska yake fesawa, duk bakaniken kirki ya san shi. Toyota kuma a injinanta na RAV4 daga 2019, 2.0 da 2.5, ta haɗa hanyoyin biyu ne, kuma ba turbo.

CR-V mota ce mai daɗin zama, bayanta da faɗi, wallahi in fili kawai ake nema da wuya a ture ta. Tsofaffinta masu inji 2.4 sun yi wa mutane aiki sosai. Amma tun zubin 2017 Honda ta karkata ga 1.5 turbo da giyar CVT, kuma na farko-farkon sun yi fama da fetur yana gangarawa cikin bakin mai, musamman a ƙasashe masu sanyi, har kamfanin ya yi gyara ya tsawaita garanti. Mu ba mu da wannan sanyin, amma dai tsarin ne na ce ban fi so wa mai shirin shekara goma ba. Kuma kar ka ce ina kare wasu, su ma Hyundai da Kia sun sha kiran motoci a Amurka tun 2015 saboda injinansu na Theta II da ke bugawa, shi ya sa in ka ji bakanike ya tsuke fuska da sunan Hyundai, galibi tokumbon wancan zamanin ya gani. Toyota ma tana da nata tabon, RAV4 mai inji 2.4 na wajen 2006 zuwa 2008 ta yi suna wajen shan bakin mai. Ba kamfanin da bai taɓa kuskure ba, shi ya sa ake tambayar wane inji ne a cikin motar, ba tambarin da ke gaba kaɗai ba.

Giya otomatik iri uku za ka tarar a shago, kuma mai sayarwa duk otomatik zai ce maka. Akwai ta gargajiya mai hawa 6 ko 8, dangin wadda muka saba da ita a Camry da Corolla na da, in ana canza mata mai tana kai tsawon ran motar, in ta samu matsala kuma akwai masu buɗe ta su gyara. Akwai CVT, wadda bel na ƙarfe ne ke gudu tsakanin fulai biyu, tana da laushi tana rage shan mai, amma ba ta son zafi da lodi da man da ba nata ba, kuma in ta lalace yawanci sai dai a sauke a ɗora wata. Nissan ta sha wahala da irinta har ta tsawaita garantinta a Amurka, shi ya sa ban kawo maka X-Trail ba duk da tana da fili. Ta uku ita ce DCT, mai kuloci biyu, a gaskiya giyar hannu ce kwamfuta ke taka mata kuloci. A titi buɗaɗɗe tana da daɗi, amma a cunkoson Kano inda za ka matsa taku biyu ka tsaya, kulocin yana ta gogawa yana zafi, musamman irin busasshen da ba ya cikin mai. Tucson da Sportage masu 1.6 turbo da ita suke zuwa a kasuwanni da yawa, haka da yawa daga cikin na China.

RAV4 mai 2.5 ta zubin 2019 tana zuwa da ta gargajiya mai hawa 8, ita na fi so. Mai 2.0 CVT ce, sai dai Toyota ta sa mata giyar tashi ta haƙori, wato lokacin da mota ke tashi daga tsaye, inda bel ya fi shan wahala, ba shi ke ɗaukar nauyin ba. Wannan ya sa na fi natsuwa da ita a kan sauran CVT. Mazda CX-5 ma giyarta ta gargajiya ce kuma mota ce mai inganci, matsalarta a Arewa kayan gyara da masu saninta.

Kafin ka je shago, ka je Kofar Ruwa

Wannan gwajin nake ba duk wanda ya zo min da irin tambayarka. Ka rubuta sunan motar da shekararta a takarda, ka shiga Kofar Ruwa, in a Kaduna kake ka shiga Panteka, in Abuja ka je Apo, ka tambayi abu biyar: takalmin birki, shokozoba na gaba, fitilar gaba guda ɗaya, gilashin gaba, da madubin gefe. Ka ji wanda za a miƙo maka nan take, da wanda za a ce bari a kira Ladipo a Legas, da wanda za a ce sai an yi oda daga waje. Abin da ya sa na sa fitila da gilas da madubi, mota sabuwa ba inji ne ke fara kai ta gareji ba, ɗan sahu ne zai goge ta, ko dutse ya tashi daga tayar tirela a hanyar Katsina ya tsaga gilas.

Na ga wata mota a garejinmu, sabuwa ce ko ledar kujera ba a gama cirewa ba, aka ɗan buge ta a gaba. Bugun bai kai ya kawo ba, amma fitilar ta fashe kuma wata 'yar na'ura da ke bayan bamba ta karye, ita kuma motar da ta rasa na'urar sai ta cika allo da gargaɗi tana ƙara. Ta yi makonni a ƙarƙashin bishiya an lulluɓe ta da tampol ana jiran kaya, ƙura ta yi mata fari fat, mai ita kuma yana kai yara makaranta a adaidaita. Injin lafiyarsa ƙalau.

A wannan gwajin Toyota ce kan gaba a Arewa, ba don tsafi ba, don yawanta ne. RAV4 tun 1994 ake yin ta, tokumbonta sun cika ƙasa, injinta 2.5 shi ne a Camry, saboda haka kaya suna nan sababbi da na Beljiyam, masu gyara sun san ta, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka yi wata kana neman mai saye ba. Honda na biye, sai Hyundai da Kia da suka ƙaru sosai a 'yan shekarun nan. Sai dai ka sani ko Toyota ce, in zubin ya fito bana, kayan jikinsa ba za su cika kasuwa ba sai bayan shekara biyu ko uku. Shi ya sa ga mai son riƙewa, zubin da ya kwana biyu a kasuwa aka gano laifuffukansa aka gyara ya fi wanda ya fito jiya.

Na China

Ban raina su ba, kuma duk bakaniken da ya ce maka kwali ne bai buɗe na yanzu ya gani ba. Geely ita ta mallaki Volvo tun 2010. GAC ana haɗa su a Legas, kuma motocin haya na LagRide da aka ƙaddamar a 2022 nasu ne, aikin haya kuwa ba ƙaramin gwaji ba ne ga mota. Chery da Changan da Jetour duk suna da wakilai a ƙasar nan, wasunsu ma suna ba da garanti mai tsawo fiye da na Japan. Abin da za ka samu a cikinsu da kuɗinka, kyamara ta ko'ina, kujerar fata, allo babba, a Toyota sai ka ƙara kuɗi mai yawa.

Inda nake ja da baya shi ne kai shekara goma ka ce. Zubin da ke shagunan yanzu ba su yi shekara goma a titunanmu ba tukuna, yawancinsu ƙaramin inji mai turbo ne, da yawa da DCT, suna canza zubi da sauri ta yadda kayan ta bana ba lallai su shiga ta baɗi ba, kuma gyaransu ya rataya ne a wuyan wakili guda. In wakilin yana da gareji na gaske a Kano da kaya a kan kanta, ba ofishin nuna mota kaɗai ba, to magana ta canza sosai. In sai an kai Abuja ko Legas duk sabis don kar garanti ya faɗi, ka lissafa wannan wahalar. Kuma a kasuwar hannu farashinsu ya fi saurin faɗuwa. Wanda zai hau shekara huɗu ko biyar cikin garanti ya sayar, ba zan hana shi ba. Kai da ka sayar da fili, na fi so ka sa kuɗin inda in buƙata ta taso za ka fitar da mafi yawansa.

Haibrid fa, wato mai haɗa injin fetur da batir? Ta Toyota na yarda da ita, tun Prius ta 1997 suke wannan aikin, kuma a cikinta ba kik ba alternato, giyarta ma ba bel, birkinta na daɗewa. A gwajin hukumar Amurka RAV4 mai fetur zalla tana shan kusan lita 8 a kilomita 100, haibrid kusan lita 6, a cikin gari kuma tazarar ta fi haka. In kana yin kilomita 15,000 a shekara, ka ga ka rage wajen lita 300 ke nan, a shekara goma lita 3,000, ka buga da farashin yau ka gwada da ƙarin kuɗin da za ka biya. Sabon zubin RAV4 da aka nuna a 2025 ma a Amurka haibrid kaɗai ake sayarwa, wato can duniyar ta nufa. Abin lura biyu ne. Batirinta iska ke sanyaya shi, ta wata ƙofa a ƙasan kujerar baya, akwai 'yar raga a wurin, bayan hunturu in ka ciro ta za ka ga ƙura da gashi da ɓurɓushin biskit ɗin yara sun toshe ta kamar an liƙa auduga, in ba a sharewa batir zai riƙa zafi ya gajarta. Na biyu, ba kowane mai waya ne zai sa mata hannu ba, wayoyin nan masu launin ruwan lemo wutarsu na kisa. In kana da wanda ya koyi aikinta a kusa, ka saya hankali kwance.

Wurin saye da abin da za ka duba

Sabuwa iri biyu ce. Akwai ta wakilin kamfani, wadda aka yi wa yankinmu, da garanti a rubuce. Akwai kuma wadda 'yan kasuwa ke shigowa da ita daga Dubai ko Amurka, ita ma sabuwa, wani lokaci ta fi arha ko ta fi kaya, amma garantinta sau da yawa bai biyo ta ba. Ta ƙasashen Larabawa ta dace da zafinmu. Duk inda za ka saya, a ba ka garantin a takarda, shekara nawa, kilomita nawa, me ya ƙunsa, a wane gareji. Ka duba lambar shasi mai harafi da lamba 17 ta yi daidai a gilas da jikin ƙofa da takardun kwastam, in daga Amurka ta zo a bincika lambar a intanet, don akwai motocin da suka yi hatsari ko ambaliya da 'yan kilomitoci kaɗan, a gyara a sa leda a kujera a ce sabuwa. Ka duƙa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 1222 to tayar tun mako na 12 na 2022 aka yi ta, motar ta daɗe a tsaye a rana ke nan, batir da roba sun fara gajiya.

Ka tambayi jakar iska nawa ce a cikinta. Mota mai suna ɗaya tana iya zuwa da shida ko bakwai a Turai, a kawo mana mai biyu. Ka nemi mai na gefe da na labule da ke kare na baya, da na'urar hana mota zamewa a kwana, wannan ya fi kujerar fata amfani nesa ba kusa ba, musamman ga mai hawa babban titi duk wata.

Ranar gwaji kuma ka ɗauki uwargida da yaran gaba ɗaya. Su zauna a baya ka gani, a sa kujerar jaririya a ƙugiyoyin ISOFIX a ga ko sauran biyun za su samu wuri, don goyo a cinya a kujerar gaba hatsari ne babba, jakar iska in ta fashe ba ta san jariri ba. Ka tabbata akwai ƙofar esi a baya, ka je da tsakar rana ka kunna ka ji minti nawa take ɗauka kafin bayan ya yi sanyi. Ka buɗe but ka ɗaga shimfiɗar ka ga safaya, wasu 'yar siririya suke sawa wasu ma babu sai gwangwanin liƙi, wanda ba zai yi maka komai ba in taya ta yage a bayan gari. Ka zaɓi rim 17 mai taya mai kauri, irin 225/65, ka bar 19 ɗin nan masu kyau a ido, rami ɗaya ke kumbura su kuma tayarsu tsada.

Rufin gilas kuwa, a ba uwargida haƙuri. A garin da rana ke dukan mota tun safe, zafi yake ƙarawa esi na wahala, ƙura tana cika hanyar da yake zamewa, ƙananan bututun da ke zubar da ruwansa suna toshewa, damina ta zo ruwa ya ɗiga a kan kujera. Shekarar farko za a buɗe shi ranar sallah, daga nan labulensa a rufe zai zauna.

Akwai kuma abin da ban ji ka ambata ba. Yaranka uku yanzu, kujerun baya uku ne. Nan da shekara goma babban ya kai 19, kuma in Allah ya ƙaro wasu, ko ana tafiya da Hajiya ko 'yar aiki, motar ta cika tun yau. Mu kuma ba a zuwa ƙauye a dawo but ba buhu. In kana ganin gidan zai ƙaru, ka tsaya ka yi tunanin mai layi uku irin Highlander ko Sienna, ko da hakan na nufin ka haƙura da sabuwa dal ka ɗauki mai tsafta da ta ɗan yi aiki. Wannan kai da iyalinka ne za ku yanke, ba bakanike ba.

In motar ta zo, abin da zai kai ta shekara goma kaɗan ne amma ba a wasa da shi. Bakin man da littafinta ya ce, injinan yanzu siriri suke so irin 0W-20, kar wani ya zuba mata 20W-50 wai don ƙasarmu da zafi. Ni a yanayinmu na ƙura da gosulo ina juye a kilomita 5,000 ko wata shida. Matatar iska a duba ta duk sabis, da hunturu ma fiye da haka. Lagireto ruwansa na musamman ake zubawa, ba na rijiya ko fiya wata ba, kuma duk wanda ya ce a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye, ka ɗauke motarka daga wurinsa. Ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Ka yi inshora cikakkiya, ba ta naira 15,000 da ake nuna wa jami'an hanya ba, ita waccan wanda ka buge take biya ba kai ba, cikakkiyar tana kamawa daga kashi 5 cikin ɗari na kuɗin motar a shekara, ka sa wannan a lissafi tun kafin ka biya, tare da rajista da na'urar bibiya saboda ɓarayi, don farin jinin Toyota har su ya shafa.

Ban sa maka farashi ba da gangan, yana motsi da dala, wanda na rubuta yau zai iya zama ƙarya wata mai zuwa. Kuma shawarar nan ta mai zama a Kano ce da ke shiga ƙauye, da a Legas kake kusa da manyan garejin wakilai da na sassauta a kan na China da masu turbo. Abin da zan ƙara kawai, kar ka zuba duk abin da ke hannunka a ranar saye. In RAV4 za ta cinye kuɗin kaf, ka sauko ka ɗauki Tucson ko Sportage mai 2.0, ka bar abin inshora da sabis na shekara biyu da canjin taya a ajiye.